Yadda Ƙanena Ya Koma Cin Abinci

Ƙanena, wanda muke ce wa Auta, tun yana ƙarami ba kamar sauran yara yake ba. Ba ya kallon mutum a ido, hayaniyar kasuwar dabbobi takan sa ya toshe kunnuwa, kuma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, bai san ƙarin gishiri ba. Ya girma ya koyi dukanci, hannunsa da kyau.

A fari na biyu, da ruwa ya ƙi sauka zamanin soja, wani malami ya kafa zango a dajin arewa da Barmu, ya tara mabiya. Auta ya bi shi, da gemunsa da komai. Ni ina aikin planto, wato ɗan aike, a wani biro na gwamnati a Tawa, ban samu damar bin sawunsa ba. Da jandarmomi suka watsa zangon, wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya sauke mana shi a ƙofar gida, ƙashi da fata.

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi bi da bi.

Da farko Inna ta dama masa fura. Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gabansa, ya zuba mata ido har ta yi tsami. Ruwa kaɗai yake sha. Muka ce ko jar dawar taimako ce ba ya so, na nemo gero da ƙyar. Bai taɓa ba. Sannan na yi faɗa, sai ya toshe kunne yana kaɗa jiki. Sannan limamin unguwa ya zo ya yi tofi a ƙwarya, ya yi masa nasiha. Auta ya ce, "Malam, ai ba ka da sanda." Ba mu gane ba. A gidan likita suka ce cikinsa lafiya lau, ga shi kuma ya fara kasa tsayuwa.

Wata dattijuwa mai saƙar tabarma, wadda ita ma ta yi zaman zangon, ita ta zo ta warware mana.

"Ɗanki jira yake," ta ce wa Inna. "Can ba a kai loma baki sai malam ya taɓa ƙwaryarka da sandarsa. Ya ce wanda ya ci ba izini, shi ke hana ruwan sama sauka. Mu dai mun sha ci a ɓoye bayan bukka, Allah shi yafe. Wannan kuwa ya yarda har cikin ƙashinsa."

Na miƙe na ɗauko gorar marigayi babanmu.

"Tsaya, ɗan nan," ta ce. "In ka taɓa yau, gobe ma kai zai jira. Malanta kake so, kai da ko izu ɗaya ba ka kai ba?"

Na ce mata, "Iya, gara haka da mu kai shi kushewa."

Na taɓa ƙwaryar. Ya ɗauka ya shanye.

Maganarta ta tabbata. In na yi jinkiri a biro, nakan tarar da shi zaune da ƙwarya a gaba, leɓe ya bushe. Kullum gabana faɗuwa yake kada a aike ni nesa. Sai muka yi tsari ni da dattijuwar. Na bar gora na koma taɓawa da yatsa. Daga nan na koma cewa bismilla ina zaune kusa. Daga nan ina faɗa daga bakin zaure. Ita kuma takan zo ta zauna gefensa ta ci nata ba tare da jiran kowa ba, ta ce, "Ka gani, Auta? Na ci, ga ni zaune."

Gab da damina aka aike ni Bambeye, motar dawowa ta lalace, sai washegari da hantsi na iso gida. Ko takalmi ban cire ba na wuce ɗakinsa. Ƙwaryar na nan, an sha rabi. Shi kuma yana tsugune a kusurwa.

"Yaya, na sha. Ban tambayi kowa ba."

"Ka yi daidai."

"In ruwa bai zo ba bana, ni ne?"

"Ba kai ba ne. Ruwa na Allah ne."

Ya leƙa sama ta ƙofa. Ni ma na leƙa, ko ɗigon girgije babu, na ji tsoron abin da zai faru da shi in aka sake yin fari. Na mayar da hannuwana baya na riƙe su, don kada in taɓa ƙwaryar. Ya daɗe yana duban ƙwaryar, sannan ya jawo ta.