Gidan Gaba: Daga Funtuwa Zuwa Ushafa

Laraba: Funtuwa zuwa Zuba

Ana idar da sallar asuba na rataya 'yar jakata na fita, ƙarfe shida saura ashirin, gari bai waye ba. Shekara ashirin da uku ina tuƙa motar haya tsakanin Funtuwa da Abuja, amma ranar ce ta farko da na shiga tasharmu a matsayin fasinja. Ɗan kamasho ya ƙi karɓar kuɗina, na ce sai ya karɓa, don ba bara na zo ba. Naira dubu goma sha biyar na ba shi.

Bari in faɗi abin da ya tayar da ni. Wata bakwai da suka wuce tayar gaba ta fashe mini kusa da Giwa, mota ta ƙwace, muka faɗa rami. Mutum ɗaya ya rasu, Sule tela, maƙwabcina, abokina tun muna yara. Ni kafaɗa kawai na goce. Tun daga ranar, da na kama sitiyari sai hannuna ya ɗauki rawa, gumi ya karyo mini. Likita ya auna ni ya ce lafiyata ƙalau. An yi addu'a, na sha rubutu. Alhaji Garba, mai motar da nake ja, ya gyara abarsa, ya jira ni har ya gaji, ya ce ran Litinin ko in karɓi makulli ko ya ba wani. Ban ga laifinsa ba. Amma ina da mata da 'ya'ya biyar, kuma ban iya wata sana'a ba.

Ƙanwata Binta, wadda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, ita ta dame ni da waya. Wai akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a Ushafa da ke koya wa mutane bubbuga jikinsu da yatsu don rage damuwa, ita ma ta je lokacin da mijinta ya rasu. Na ce mata 'yan boko ba ku rabuwa da abin dariya. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mamman Dogo ne a kan layi, abokin aikina. Da ya gan ni ya buɗe ƙofar gaba.

“Lawal, shigo gidan gaba mu sha hira.”

“Bar ni a baya,” na ce.

Ya rufe ƙofar, na shiga baya. Mun tashi ƙarfe shida da rabi. Da muka doshi Giwa na sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyina kamar mai neman takalmi, ban ɗago ba sai da na ji hayaniyar Samaru. Zariya ƙarfe takwas saura kwata, kilomita saba'in da 'yan kai. A Kawo, Kaduna, muka tsaya shan shayi ƙarfe tara da kwata. Shayi da burodi da ƙwai biyu dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma madarar sai dai a ce an nuna wa kofin gwangwani.

Daga Kaduna zuwa Zuba shinge shida na ƙirga. A na Kateri wani soja ya leƙo ya ce, “Oga, wannan na baya ba shi da lafiya ne?” Na ce masa lafiya lau, alhamdulillahi. Mun wuce Jere da Tafa, dutsen Zuma ya bayyana, muka sauka Zuba ƙarfe ɗaya daidai. Mamman ya ce ran Asabar zai koma, in na gama in neme shi.

Zuba zuwa Karu

Tasi biyu na hau. Direban farko tuƙi yake da hannu ɗaya, ɗaya na riƙe da waya, har na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna ni da hannu biyun ma na kasa. Cunkoson hanyar Nyanya ya ci mana minti arba'in. Ƙarfe uku da rabi na isa gidan Binta a Karu, ta tarbe ni da tuwon shinkafa da miyar kuka.

“Yaya, ka rame.”

“Azumin nafila ne.”

“Kai dai ba ka canzawa,” in ji ta.

Na tambaye ta ko matar nan ba ta haɗawa da surkulle, don ni ba na shiga shirka saboda mota. Ta ce babu turare, babu karatu, ko taɓa ni ba za ta yi ba, da hannuna zan yi komai.

Alhamis: Karu zuwa Ushafa

Binta ta ɗauki hutun kwana biyu a ofis. Mun fita ƙarfe takwas a motarta, ita ke ja, ni ina baya. Tana taka birki kamar mai kashe kunama, na haɗiye maganata. Ta Dutse muka bi, muka kama hanyar Bwari, muka karkata. Tafiyar kilomita arba'in da wani abu, awa ɗaya da kwata. Ushafa ƙauye ne a gindin duwatsu, garin masu ginin tukwane, ko'ina ka duba tukwane ne a shanye.

Madam Saratu, matar da muka zo wurinta, Bagwariya ce, gajeriya, da furfura, da tabarau a rataye a wuya. Ta ajiye mana kujerun roba a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Sai da ta auna jinina tukuna.

“Oga direba, ka ji ni da kyau,” in ji ta da irin Hausarsu ta Abuja. “Wannan abu ba ya maye asibiti, ba ya maye addu'a. Wani yana taimaka masa, wani ba ya taimaka. Za mu gwada.”

Ta nuna mini a jikinta, ina kwaikwayo. Da yatsu biyu ake yi, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. A fara da gefen tafin hannu, sai farkon gira, gefen ido, ƙarƙashin ido, ƙarƙashin hanci, haɓa, ƙashin wuya, ƙarƙashin hammata, a ƙare da tsakar ka. Kowane wuri kamar sau bakwai, ana numfashi a natse. Wannan bai ba ni wuya ba. Da ta kai ga hammata dai na waiwaya in ga ko akwai ɗan Funtuwa kusa.

Inda gizo ke saƙar shi ne magana. Wai kana bugawa kana faɗin abin da ke damunka da bakinka, ka ce duk da haka ka karɓi kanka yadda kake. Kafin a fara kuma sai ka auna nauyin abin, daga sifili zuwa goma.

“Idan ka tuna sitiyari, tsoron ya kai nawa?”

“Alhamdulillahi,” na ce.

“Na ji. Nawa?”

“Ai ba komai, Madam. Haka Allah ya ƙaddara.”

Haka muka yi ta yi kusan awa guda. Ni dai a gidanmu ba a yi mana tarbiyyar faɗin ciwo ba. Ko kan gadon asibiti aka gaishe ka, da sauƙi za ka ce. Mahaifinmu ranar da zai rasu ma da sauƙi ya ce. Yanzu a ce in zauna gaban mace, baƙuwa, ƙanwata na ji, in ce ina jin tsoro? Raina ya ɓaci, na miƙe na ce wa Binta mu tafi.

Madam Saratu ba ta hana ni ba. Tana naɗe abin awon jininta ta ce, “Oga, idan motarka yana ƙara, ka kai wa makaniki, ya ce ina yake ƙara, ka ce alhamdulillahi, me zai kwance? Godiya ga Allah daban, faɗin inda yake ƙara daban. Gobe ina nan.”

Muka koma Karu. Abin da ya fi ba ni haushi, na san gaskiya ta faɗa. Ni da kaina na sha zagin direbobin da ke ɓoye wa makaniki laifin mota.

Juma'a: Ushafa kuma

Ni na tashi Binta, ƙarfe bakwai muka fita. Da muka isa na ce mata ta je ta kalli tukwane. Ta gane, ta tafi.

“Nawa?” in ji Madam Saratu, ko gaisuwa ba mu gama ba.

“Goma.”

Na fara bubbuga gefen hannuna ina cewa duk da ina tsoron sitiyari, na karɓi kaina, na dogara ga Allah. Ƙarshen nan ni na ƙara, ta ce ya yi. Muka yi zagaye biyu, ta tambaya, na ce tara. Ta ce in ya ƙi sauka, wataƙila ba sitiyarin ba ne. Me nake gani in na rufe ido?

Ina bubbuga ƙashin wuyana maganar ta fito, wadda ko matata ban taɓa gaya wa ba. Ranar haɗarin kujerar baya Sule ya biya. Ni na roƙi wani fasinja ya koma baya, na ce wa Sule ya dawo gidan gaba mu yi hira. Gefen da yake zaune shi ya daki ƙasa. Wanda na mayar baya ko ƙwarzane bai yi ba.

“Ni na ce ya dawo gaba,” na ce. Na sake faɗa a gira, na faɗa a gefen ido, a ƙarƙashin ido yatsuna suka jiƙe. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Madam Saratu ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai ci gaba da bubbuga nata jikin don kada in ɓata layi. Bayan zagaye biyar na ce mata shida. Bayan wasu uku na ce huɗu. Ta ce ya isa na yau, in riƙa yi safe da yamma, in abin ya tsananta in koma wa likita in gaya masa gaskiya wannan karon.

Ta tambaye ni ko Sule ya bar iyaye. Na ce akwai mahaifiyarsa, Inna Rabi, gida uku tsakaninmu, kuma tun addu'ar bakwai na daina bin layin, zagayawa nake ta bayan masallaci. Ta dube ni ta saman tabarau.

Na sayi 'yar randa a wurin wata maƙwabciyarta, dubu uku, bayan ta ƙwanƙwasa ta na ji ba tsaga. A bakin mota na miƙa wa Binta hannu, ta sa mini makulli. Hannuna ya yi rawa. Na tsaya na yi zagaye ɗaya, masu acaɓa na kallona, sannan na tayar. Kilomita goma na ja, giya ta uku ban wuce ba, har Dutse, inda muka jira har muka yi sallar Juma'a.

“Yaya, ko keke ya fi ka gudu,” in ji Binta, tana share ido.

“Amma ni ba na kashe kunama da birki,” na ce.

Asabar: Zuba zuwa gida

Na sami Mamman Dogo a Zuba ƙarfe bakwai, mota ta cika takwas da kwata. Wannan karon gaba na zauna, randa a kan cinyata. Shinge bakwai, an ƙara ɗaya a Jere. Kaduna sha ɗaya da rabi, Zariya ɗaya saura kwata, muka yi azahar muka ci shinkafa da wake. Da za mu tashi na ce, “Mamman, ba ni in ƙarasa.” Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya karɓi randar ya zagaya.

Ban ce tsoro ya tafi ba. Yana nan, kamar uku ko huɗu. Kafin Giwa na gangara gefen titi, na ce wa fasinjoji minti biyu, na shiga bubbuga jikina. Wata tsohuwa ta ce, “Direba, ƙaiƙayi kake ji?” Na ce eh, Hajiya, irinsa ne. Na wuce ramin da idona a buɗe, na yi wa Sule addu'a. Mun shiga tashar Funtuwa ƙarfe uku saura minti goma.

Ban fara zuwa gidana ba. Na bi layin da na ƙaurace wa, na yi sallama a gidan Inna Rabi. Tana tsakar gida tana tsince wake. Na ajiye randa, na durƙusa, na gaya mata komai, ban rage ba.

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, “Lawal, ai na sani. Daga tasha ya kira ni yana dariya, wai ka ba shi gidan gaba kamar wani alhaji. Muryarsa ta ƙarshe da na ji ke nan, kuma da farin ciki na ji ta. Abin da ya ci mini rai, ka daina biyowa ta ƙofar nan. Ɗaya Allah ya karɓa, sai ka sa na rasa biyu.”

Ta ja randar ta ƙwanƙwasa, ta ce mai kyau ce. Sai ta ce jibi Litinin tana da ganin likitan ido a Zariya, kuma ni zan kai ta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Binta da nacinta, da Mamman da bai tambaye ni dalili ba, da Madam Saratu da ta ƙi karɓar alhamdulillahi a madadin amsa.

Ran Litinin ƙarfe shida na safe na karɓi makulli a hannun Alhaji Garba, na biya ta layinmu. Inna na tsaye a ƙofar gida da katin asibiti a hannu. Na fito zan buɗe mata baya, ta riƙe murfin ƙofar gaba.

“Nan zan zauna,” in ji ta. “Mu sha hira.”