Sunan da Kaka ba ta taɓa faɗa ba

Jiya a unguwarmu ta New Bell tsohon limaminmu ya buɗe mini littafin da mahaifinsa ya riƙa rubuta sunayen baƙin da suka sauka a unguwar tare da garuruwansu. Garin da kakana ya baro a Najeriya nake nema.

Ya ce, "Ɗana, mene ne sunansa na yanka?"

Na ce ban sani ba. Kakana ya rasu Baba yana goye. Unguwa ta san shi da Maigoro, Kaka kuwa kunya ba ta bar ta kiran sunan miji ba. "Malam" take cewa har ta rasu bara.

Liman ya shafa takardar. "Yana cikin nan, sai dai wanne ne?"

Masu tsofaffi a gida, kun tambaye su kuwa?