Agwagin Inna

Jiya ina zaune bakin tabarma, na duƙufa kan wani littafin labari da aka ba mu a jami'a, a darasin 'yancin mata cikin adabin Afirka. Inna, mahaifiyata, tana gefe tana tsintar shinkafa.

"Mi aka cewa cikin littafin ga, har kinka mance da abinci?"

Na ce mata labarin wata mata ce da ta tsaya gaban dattawan garinsu ta faɗi gaskiya.

"Sun saurare ta?"

"Daga ƙarshe sun saurara, Inna."

Ta ci gaba da tsintar shinkafar cikin faifai.

"To ta yi sa'a. Lokacin da muke ƙauyen Sunke, da anka fara kawo dutsen zinari gida ana daka, agwagina sunka riƙa mutuwa. Nac ce ma babanku a fid da dutsen nan waje, akwai abin da ba daidai ba. Yac ce tsoro na irin na mata."

Ban taɓa jin wannan magana ba. Abin da na sani kawai, gubar dalma da ke cikin dutsen zinarin ce ta kashe ƙanena Auwalu yana rarrafe, kuma tun ina ƙarama Inna ba ta yarda a kiwata agwagwa a gidanmu.

Na rufe littafin, don na kasa ganin rubutun.

Ku da iyayenku mata ke raye, kun taɓa tambayarsu abin da suka faɗa aka ƙi ji?