Gonar Inna a Saman Bene

Shekaru sun share mini abubuwa da yawa daga kai, har fuskokin wasu maƙwabtan da muka sha cin tuwo tare. Amma daminar da surukata ta yi noma a saman bene a Birnin Kudu, wannan kam ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi.

Lokacin ban daɗe da aure ba. Zamani ne da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati na ta gine-gine, sai aka ba maigidana, wanda akawu ne a wani ofis, ɗaki biyu a saman wani sabon bene na ma'aikata. Ni 'yar Kangire ce, shi kuma mutumin Maruta ne ta ƙasar Gwaram, duk cikinmu babu wanda ya taɓa kwana a inda ya fi gado tsawo. Amma kafin wata ya zagayo maigida ya koma kamar a bene aka yanke masa cibiya. Yakan tsaya a 'yar barandarmu, wadda tabarma biyu ke cika ta, hannu a aljihu, yana duban gari. Har tumatirin gwangwani ya ce shi za mu riƙa ci, wai shi ne ci gaba.

Ana dab da faɗuwar damina aka kawo mana mahaifiyarsa, Inna. Kututture ne ya soke ta a gona, ta raina abin, ya zama gyambo a ƙafa. Da aka kai ta asibiti aka yi mata aiki, likita ya gaya wa ɗanta ba ɓoye-ɓoye cewa in ta koma ta taka laka kafin ciwon ya rufe, ƙafar za a rasa. Ke nan dole ta zauna wurinmu, a riƙa kai ta asibiti wankin ciwon. Da ƙyar ta yarda ɗanta ya goya ta ya hau da ita benen, tana salati tana yi masa faɗa ya bi a hankali kada ya zubar da ita.

Inna mace ce da ba ta san zama ba. A bayan ɗakinta na Maruta tana da garka, kuɓewa da yakuwa da barkono ba sa yanke mata, rabin unguwa a wurinta suke tsinkar kayan miya. Ga ta yau a sama, tsakanin siminti da siminti. Ran da aka yi ruwan shuka ƙamshin ƙasa ya taso har inda muke, ta ja jiki ta zauna a baranda, ta zuba wa gonakin bayan gari ido. Daga ranar abinci ya fara dawowa yadda na kai shi. Da na matsa mata, sai ta ce miyar ƙarfe-ƙarfe take yi mata a baki. Maigida ya sayo mata atamfa, ta ce Allah ya yi albarka, ta tura ƙarƙashin matashi. Ya ajiye mata rediyo, ta ce mutumin ciki ya cika surutu.

Wata safiya ta kira shi. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗar sunansa, sai ta ce, "Kai wannan, gobe ka sa ni a mota. Kowa ya yi shuka ban da ni. Ƙafa ce, in Allah ya ƙaddara za ta tafi, ko a nan ma sai ta tafi."

Ya yi lallashi, ya kawo maganar likita, ta juya masa ƙeya. Ya fita ofis idonsa jajur. Ni kuwa na san ba wasa take ba, irinsu in sun faɗa sun gama.

Ina wanke-wanke dabara ta faɗo mini. Na sauka ƙasa na tattaro garwar kananzir tsofaffi guda biyu, da bokitin da hannunsa ya cire, da wani tulu mai fasasshen baki, da gwangwanayen tumatirin maigida, waɗanda a ranar suka fara yi mini amfani. Na ciko su da yashin magina zalla, na jera a baranda daidai inda Inna ke zaune. Na kwance ƙullin irin da uwata ta ba ni, na dumbuza alayyafo da kuɓewa da yakuwa na watsa wuri guda, sannan na kwarara ruwa har ya kwanta a sama. Ina yi ina satar kallonta. Ta kau da kai, ta dawo da shi, ta sake kauwa. Akwai kunya tsakaninmu, tun zuwanta maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba, amma abin ya fi ƙarfinta.

Ta ce, "Ke 'yar nan, shuka kike yi ko kunu kike damawa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ban iya ba ne, Inna."

Ta ce, "Na gani ai. Zubar da yashin nan. Samo mini ƙusa da dutse."

Shi ke nan, gona ta samu mai ita. Ta miƙe ƙafar mai ciwo a kan matashi, ta huda gindin kowace garwa da hannunta, ta sa na shimfiɗa tsakuwa a ƙasa. Da maigida ya dawo da shirin ci gaba da lallashi, sai ya tarar da aike na jiransa: baƙar ƙasa daga bakin rafi, da busasshen kashin awaki, da 'yar toka, da sauran irin da babu a ƙullina. Har yau in na tuna akawun gwamnati yana hawa bene da buhun taki a kafaɗa, yana waige-waige kada abokan aikinsa su gan shi, sai in yi dariya ni kaɗai. Maganar mota kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Inna ta ba kowane iri gidansa. Kuɓewa ta samu garwa saboda saiwarta na son zurfi, alayyafo ya samu ɗayar, barkono ya shiga bokiti, yakuwa ta shiga tulu, albasa da ɗoɗɗoya da na'ana'a suka rarraba gwangwanaye. Ta lura rana ba ta daɗewa a barandar, sai ta sa ni jan kaya daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar masu bin inuwa a kasuwa. Da tsiro ya fito ta fara cin abinci, don a cewarta mai gona ba ya zama da yunwa. Wata rana muna rage alayyafon da ya yi cunkoso, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "'Yar Kangire da ba ta san a huda gindin garwa ba, ni dai ban taɓa jin labarinta ba. In kin je gida ki gaishe mini da uwarki." Na rasa inda zan sa fuskata. Ashe tun ranar farko ta gano ni, ta dai ga tarkon ya yi mata ne ta shiga da ƙafarta.

Ana nan sai ga fitina daga ƙasa. Wanda ke zaune a ƙarƙashinmu duba-gari ne, irin ma'aikatan tsaftar nan da mata ke jin sallamarsu su ruga su kife randa. Wata safiyar Juma'a muka yi ban ruwa, ruwan taki ya bi ta hudojin ya tsiyaya kan farar rigarsa da matarsa ta shanya. Sai ga shi ya hawo, riga a hannu, fuska a murtuke. Ya ce wa maigida gidan gwamnati ba lambu ba ne, gwangwanaye matattarar sauro ne, a kwashe su yau ko ya kai rahoto. Maigida ya hau ba da haƙuri, gumi na keto masa, ni kuwa na san in garwar nan ta sauka, Inna ma ta sauka.

Daga baranda Inna ta ce, "Malam, kai ne mai leƙa randunan mutane?"

Ya rage murya ya ce, "Ni ne, Inna. Ina kwana? Ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi. Bismillah, shigo ka leƙa nawa."

Ya shigo ya durƙusa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana tura yatsa cikin ƙasa, yana ɗaga gwangwani ya duba gindinsa. Bai samu inda ruwa ya kwanta ba.

Inna ta ce, "Ruwan da kake nema ai ga shi nan a jikin rigarka. Da na tsare shi a nan ka ce sauro, na sake shi ka ce riga. Amma laifin riga namu ne, ka yi haƙuri, 'yar nan za ta wanke maka kafin a tafi masallaci."

Ya so ya ci gaba da ɗaure fuska, abin ya ƙi. Hannunsa ya kai kan ɗoɗɗoya, ya murza ganye ya sansana. Can ya ce tsohuwarsa a Fagam tana da irinta a bakin ƙofa, tana cewa tana korar sauro. Daga nan hukunci ya sauya: a sa faranti a ƙarƙashin kowace garwa, a riƙa zubar da ruwan kullum. Ya sauka da damin yakuwa a hannu guda, gwangwanin ɗoɗɗoya a ɗayan, ya manta rigar a wurinmu. Ba a jima ba muka ga garwa biyu a ƙofarsa, matarsa na hawowa tambayar Inna yadda ake yi.

Kafin kaka ciwon ya rufe sarai. Mun ci miyar kuɓewa ɗanya daga barandarmu, mun yi faten yakuwa, har maƙwabta sun samu. Ran tafiyarta Inna ta ƙi goyo, ta sauka benen da ƙafarta tana dafa bango. A bakin mota ba ta yi wa ɗanta wata doguwar nasiha ba, cewa kawai ta yi, "Barkonon nan bai gama 'ya'ya ba. In na ji ya mutu, kai zan tambaya, ba ita ba."

Yanzu na kai shekarun da Inna take da su a lokacin, nawa 'ya'yan ma sun fara ce mini in zauna in huta. Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, magani na warkar da ciwo, amma ba ya zaunar da mai shi. In kana son tsoho ya daɗe tare da kai, kada ka karɓe masa komai da sunan tausayi. Bar masa abin da zai tashi da safe ya duba, ko da tsiro guda ne a cikin gwangwani.