Ranar da na kulle kanwar Kawu

Shekarun baya, bayan na gama hidimar ƙasa na dawo gidanmu a unguwar Madaki cikin Gombe, ba ni da aikin yi sai taya mahaifiyata girki da aika takardun neman aiki. Ilimin duwatsu na karanta a jami'a. A danginmu, da rabinsu makiyaya ne rabi 'yan kasuwa, wannan karatu abin dariya ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, yakan ce shekara huɗu aka tura ni in koyi abin da kowace akuya ta sani, wato dutse ba ya ciwuwa.

Ni kuma ban iya kare kaina ba. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san halina. Ko ƙarfe nawa aka tambaye ni, sai na duba agogo sau biyu, sannan in ce ina jin kamar uku ta yi.

A shekarar ƙarshe ta karatu an raba mana duwatsu, kowa ya yi bincike a kan nasa ya tsaya gaban aji ya yi bayani. Abokaina suka samu su farar ƙasa da gawayin ƙasa, abubuwan da ake haƙa a jiharmu. Ni aka ba ni wani da ake kira cahnite, wanda ko malaminmu ya ce a hoto kawai ya taɓa ganinsa. Dutse ne fari, wani lokaci garau kamar gilashi, ƙwayoyinsa ƙanana, kuma sukan fito a sarƙe da juna, ɗaya ta ratsa ɗaya. Farce ba ya karce shi, amma bakin wuƙa yana yi. Abin da ya sa ake maganarsa shi ne ya haɗa sinadarai biyu da ba su cika zama a dutse ɗaya ba, boron da arsenik, kuma arsenik guba ne. A wani ramin haƙar tutiya a Amurka aka fara samunsa, daga baya a wurare kaɗan, kamar Italiya da Turkiyya da Namibiya. A iya abin da na karanta, ba a taɓa ganinsa a ƙasar nan ba. Na haddace duk wannan, na samu maki mai kyau, na kuma ɗauka shi ke nan ni da shi.

To, a farkon wata damina Kawu ya sayo kanwa buhu uku don shanunsa. Duk shekara, idan sabuwar ciyawa ta fito, sai ya daka kanwa a turmi ta zama gari, a dama ta da ruwa a kwami, shanu su sha. A wajensa saniyar da ba ta sha kanwa a kan lokaci ba ta yi asarar shekara. Wannan karon ba wajen mutumin da ya saba ya saya ba, wata babbar mota ya tarar a bakin hanya ana saukewa. Ya ajiye buhunan a ɗakin ajiyarmu, kafin ranar Laraba ya zo da a-kori-kura ya kai su ruga ta hanyar Dukku.

Ranar Lahadi mahaifiyata ta ɗebi kaɗan daga bakin buhu za ta dafa wake, ta ce in jiƙa mata. Kanwa takan narke ta bar yashi a ƙasan kwano, kowa ya san wannan. Amma da na tsiyaye ruwan sai na ga wasu fararen duwatsu guda huɗu a kwance, ko gezau ba su yi ba. Na ɗauki ɗaya na fita da shi rana. Yana ƙyalli kamar fasasshen gilashi. Na sa farce, bai karce ba. Na sa wuƙar yanka albasa, ta karce shi. Da na ɗauko ɗan madubina na makaranta mai ƙara girman abu na duba, sai ga ƙwayoyi a sarƙe, ɗaya ta ratsa ɗaya.

Na tuna cahnite da gubar da ke cikinsa, na tsorata. Amma in faɗi gaskiya, ba tsoro ne kaɗai ba. Wani ɓangare na zuciyata har ya fara hango sunana a takarda, 'yar Gombe ta gano abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan, a cikin kwanon wake.

Na ce, "Inna, kada ku zuba ruwan nan."

Ta ce, "Me ya faɗa ciki?"

"Ba komai ya faɗa ba. Kamar dai akwai wani abu a cikin kanwar. Ban tabbata ba."

Ta dube ni ta dubi tukunya. Ta ce, "Wake dai ba zai jira ki tabbata ba." Ta zubar da ruwan, ta je ta karɓo kanwa a maƙwabta.

Washegari Kawu ya biyo ta gidan, na nuna masa duwatsun a tafin hannuna. Na yi masa bayani mai tsawo, wanda yanzu in na tuna nake jin kunya. Na ce mai yiwuwa ne, ko da yake da wuya, amma ba za a ce sam ba, akwai wani dutse mai guba da ya yi kama da wannan. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya shiga ɗakin ajiya, ya zaro curin kanwa daga buhu, ya ɗora a harshe, ya tofar.

Ya ce, "Ɗiyata, tun uwarki ba ta san hannun damanta ba nake ɗanɗana kanwa. Wannan kanwa ce, mai kyau ma."

Na ce, "Wadda kuka ɗanɗana kanwa ce, Kawu. Waɗannan nake magana."

"Tsakuwa ce. Wace kanwa ce ba tsakuwa? Shanu ba su cin tsakuwa, ƙasan kwami take zama."

Nan ne abin ya daki zuciyata. Da jiƙawa yake yi kamar Inna, da wataƙila duwatsun su zauna a ƙasa. Amma shi dakawa yake yi. Duk abin da ke cikin buhu zai zama gari ɗaya, kuma dutsen da wuƙar albasa ta karce ba zai gagari taɓarya ba. Na buɗe baki in faɗa masa, ya riga ya juya yana tambayar Inna ko akwai fura.

Na yi niyyar kai duwatsun jami'armu, wajen mai kula da ɗakin gwaji. Dattijo ne, iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma a nan unguwar Herwagana aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Baba muke kiransa. Na buga masa waya, ya ce ya yi tafiya biki, sai Alhamis zai dawo. Kawu kuma Laraba zai kwashe buhunan.

Ranar Laraba da safe na yi abin da har yau nake mamakin kaina. Na ɗauki kwaɗon akwatina na makaranta, na kulle ɗakin ajiya, na ɗaure mabuɗin a gefen zanena. Sai na zauna a kan turmi ina jira.

Kawu ya iso da mota wajen hantsi. Ya taɓa kwaɗon, ya dubi ƙanwarsa. Inna ta ce, "Ba ni ba ce, ga ta nan."

Ya ce, "Kawo mabuɗi."

Na durƙusa, idona a ƙasa. Na ce, "Ku yi haƙuri, Kawu. Sai gobe."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba, amma kin kulle."

"Saboda ban sani ba ne na kulle."

Ya sake duban kwaɗon. Sannan ya ce duk rugar kowa ya shayar da shanunsa sai shi, shanunsa har sun fara lasar ƙasa. Ya ce guduma ɗaya ta isa wannan ɗan kwaɗo. Na ce haka ne, ta isa, kuma in ya fasa ba zan hana ba, amma da hannuna ba zan buɗe ba. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Inna ta kama baki. A gidanmu ba a taɓa yi wa Kawu haka ba, shi ne ya aurar da ita, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu.

Bai fasa kwaɗon ba. Ya sallami mai mota. Da zai fita ya ce wa Inna, ba ni ba, "Gobe bayan azahar zan dawo. In tsakuwa ce, kada ta sake yi mini maganar dutse har in mutu." Ranar Inna ba ta ce mini komai ba sai, "Allah ya sa ki san abin da kike yi." Na ce amin, don ni ma addu'ar da nake yi ke nan.

Alhamis tun kafin a buɗe ɗakin gwaji ina bakin ƙofa. Baba ya karɓi duwatsun, ni kuma na fara zuba. Na ce fari ne, yana ƙyalli, ƙwayoyinsa a sarƙe, ina tsammanin, ko da yake na san da wuya, ko cahnite ne. Bai ma ɗauki madubi ba. Ya ɗan jefa dutsen sama ya cafe.

Ya ce, "'Yata, kin auna nauyinsa?"

Awon nauyi shi ne abin da ake koya mana tun aji ɗaya, kuma shi kaɗai ne ban yi ba.

Ya ce, "Dutsenki na Amurka ya ninka nauyin ruwa sau uku da ɗan wani abu. Wannan kuwa ya kusa ninka nauyin naki sau biyu. Kin so ya zama shi ne, shi ya sa hannunki bai gaya miki ba."

Kunya ta rufe ni. Na tuna Kawu da maganarsa, na ce a raina shi ke nan, na kulle ɗaki a kan tsakuwa. Na miƙa hannu zan karɓi kayana, ya ce in tsaya, farin dutse mai nauyi haka ba a sakinsa. Ya kankare kaɗan a 'yar kwalba, ya ɗiga ruwan asid, garin ya yi ɗan kumfa ya narke. Ya ƙara wani ruwa garau. Nan take kwalbar ta koma rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai.

Ya ce, "Dalma ce. Ina kika samo?"

Da na ce a cikin kanwar shanu, ya ajiye kwalbar a hankali. Ya tambaya ko sun sha. Na ce ba su sha ba, na kulle. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke?"

Ya rufe kwalbar ya ba ni in kai gida. Kawu yana zaune a zaure lokacin da na iso. Na fara da amsa laifina, na ce dutsen da na ambata ba shi ba ne, na yi kuskure. Ya ɗaga kai kamar zai yi magana. Sai na ajiye kwalbar a gabansa na ce dalma ce, irin wadda ke cikin batirin mota. Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya taɓa ganin maruƙan wani maƙwabcinsa da suka lashi tsohon batir a bola, yadda suka makance suna tura kai a bango kafin su mutu.

Ya daɗe yana kallon rawayar nan. Sannan ya ce, "Buɗe mu gani."

Muka zazzage buhunan a tsakar gida. Buhu ɗaya lafiya lau yake a ido. Sauran biyun, can ƙasa, fararen duwatsun nan ne jingim. Har yau ba mu san yadda suka shiga ba. Baba yana ganin ko an tara kanwar ne a filin da aka taɓa zube dutsen haƙa, aka kwashe gaba ɗaya. Ni dai ba zan rantse ba. Kawu ya ce ko mai kyaun ba ya so. Baba ya turo aka kwashe duka ukun, ya kuma sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Motar da ta sayar ba a sake ganinta ba, kuma har yanzu nakan yi tunanin wa da wa suka saya ranar.

Kawu bai ce na kyauta ba, ba halinsa ba ne. Ya koma wajen tsohon mai kanwarsa, shanu suka sha a makare da mako ɗaya, babu wadda ta yi ko tari.

In na tuna abin nan nakan ji alfahari, kuma ina faɗa ba tare da na ce wataƙila ba. Na kuskure sunan dutse, na manta awon da ɗan aji ɗaya ba zai manta ba, kuma son a san ni ya shiga cikin lissafina. Duk na yarda. Amma a da ina ɗaukar rashin tabbacina a matsayin dalilin yin shiru. Ranar na gane cewa idan ana shirin daka abin da ban sani ba a ba garke guda, rashin sanin nan ya isa dalilin tsayawa a bakin ƙofa.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada. Duk farkon damina direban rugarsu yakan tsaya a ƙofar makaranta ya miƙo mini ƙullin leda, kanwa daga ƙasan kowane buhu. Na sha gaya wa Kawu cewa duba na ido da ruwa a kofi ba ya kama komai da komai, ni ba ɗakin gwaji ba ce. Bana ma na sake maimaita masa a waya. Ya bari na gama tsaf, ina jin kukan shanu a bayansa.

Ya ce, "Na ji. Turmi dai yana nan a kife. Ki duba ki kira ni."