Mai Zaɓa Min Sistem Tana Ƙarƙashin Gado

Kai jama'a, yau na ga ikon Allah! Ordinatar ɗina, wato kwamfuta, sistem biyu gare shi, kuma aikin da zan kai wa malaminmu na jami'a yau yana cikin na farko. Ina kunnawa, sai ya zaɓi na biyu da kansa! Na kashe, na kunna, haka dai.

Inna ta ce, "Mariyama, aljanu ne, tofa masa addu'a!"

Na kira mai gyara a Yantala. Ya ce, "Ina klabiyenki marar waya, allon da kike rubutu da shi? Wani abu ne ke danna shi!"

Na leƙa ƙarƙashin gado. Kazar da Kawu ya kawo daga Maradi ce kwance a kansa, har da ƙwai!

Inna ta ce, "Kar ki taɓa min ita! Malamin ya jira ta ƙyanƙyashe."