Silifar Baba Audu

Ranar Asabar ta farko bayan yankan gero, shekarar da na shiga aji shida, Baba Audu ya cire silifarsa ya riƙe ta daidai haɓata, fuskarta na kallon ƙasa. Tsohon soja ne, maƙwabcinmu a Bolewa, yana koya wa yaran unguwa damben zamani a gindin bishiyar maina da ke bayan gidansa. Ya ce in buge ta da hannun gaba, daga ƙasa zuwa sama. Da yake da dama nake rubutu, hagu ne hannuna na gaba. Sau uku na kai naushi, silifar ko motsi ba ta yi ba. Safar dambe ta mutum biyu kacal gare shi, don haka ya ba mu sati uku: wanda bai fitar da silifar daga hannunsa ba zai koma cikin 'yan kallo.

Yadda ake yi bai yi mini wuyar ganewa ba. A lanƙwasa gwiwa kaɗan, nauyi ya koma kan ƙafar hagu, hannu na manne da haƙarƙari, sannan a miƙe gaba ɗaya kamar mai ɗora dami a ka. Na yi ta gwadawa a hanyar rijiya, da wurin yankan ciyawar awaki, har ƙannena suna dariya. Ƙafa na yin nata, ƙugu na yin nasa, amma da hannun ya kusa isa sai ya yi sanyi. Bahago aka haife ni. Kakata Iya ta shafe shekaru tana ƙwala mini ludayi duk lokacin da na miƙa hagu cikin kwano, har hannun ya koyi jira.

A sati na biyu Baba Audu ya kama wuyan hannuna ya juya shi. "Wa ya tsorata hannun nan?" Na gaya masa. Da la'asar ya yi sallama gidanmu, ya durƙusa ya gai da Iya tana sheƙe gero. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ajiye faifai ba. Sannan ta dube ni. "Tuwo da dama, gaisuwa da dama," in ji ta. "Silifar Audu kuwa ba ruwana."

Washegari da na kai naushi, silifar ta tsallake zana ta faɗa cikin garken awakinmu. Iya ce ta dawo da ita, riƙe da yatsu biyu.

Yanzu yara a waya suke kallon wannan naushi, suna maimaita shi yadda suke so, kuma an sare mainar an yi shago a wurin. 'Yata ƙarama bahaguwa ce. Da ta fara miƙa hagu cikin kwano, na matsar da shi gefen damarta. Fensir kuwa, na bar mata shi a hannun da ta ɗauka.